Gashin Sankarar Mama: Darasin Da Bagega Ta Riga Ta Biya Kuɗinsa

Duk wanda ya san Bagega, a Ƙaramar Hukumar Anka, ya san cewa garin ya taɓa shiga bakin duniya, kuma ba a kan abin farin ciki ba. A 2010 ne aka gano cewa gubar dalma, wadda ke tashi daga duwatsun zinariya da ake dakawa da niƙawa a cikin gidaje, tana hallaka yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yara sama da 400 suka riga mu gidan gaskiya. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a Dareta da Abare da 'Yargalma da wasu ƙauyuka, amma Bagega, wadda ta fi su girma, ta yi ta zaman jira. Ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa, wato MSF, tana da maganin a hannu, sai dai ta ce ba za a fara ba sai an tsabtace garin, domin yaron da aka fitar wa dalma daga jini, in ya koma rarrafe a tsakar gidan da ke cike da ita, an yi aikin baban giwa. Sai a farkon 2013 Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin aikin, aka share garin, sannan aka soma ba yaran magani.

Abin da mutanen Bagega suka koya da hawaye shi ne, magani ba ya aiki shi kaɗai. Sai an gyara masa gida da hanya da zukatan masu jinya. Na tuno da wannan tarihi ne saboda wata cuta dabam, wadda ba ta da alaƙa da waccan annoba, amma take bukatar irin wannan darasi: sankarar mama, da kuma gashin da ake yi wa masu ita a asibiti.

Alƙaluman hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun nuna cewa a shekarar an samu sababbin masu sankarar mama sama da 32,000 a Nijeriya, kuma ta kashe sama da 16,000. Ita ce kan gaba a cikin nau'o'in sankarar da ke kama matan ƙasar nan, kuma akasarinsu ba sa isa asibiti sai ciwon ya yi nisa. A wurinmu akwai tsohuwar magana cewa daji ba ya son ƙarfe, wato da zarar allura ko wuƙar likita ta taɓa shi sai ya bazu. Da wannan magana ake zagaya gidajen masu sassaƙe da shafe-shafe wata da watanni, har ƙullutun da bai wuce ƙwayar gyaɗa ba ya zama gyambo. In an kai ga asibiti a ƙarshe, aka yi aiki, aka yi alluran ƙona sankara, sai likita ya ambaci kalmar da ta fi kowace firgita iyali: saura gashi.

Sunan ya fi aikin ban tsoro

Bahaushe in ya ji gashi, hankalinsa na zuwa kan wuta ne: tukubar mai tsire, ko gadon mai jego, ko ƙarfen sakiya a hannun wanzami. Gashin asibiti ba ya cikin ko ɗaya daga waɗannan. Wani haske ne mai ƙarfi, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi, da injin ke aunawa daidai wurin da aka cire ciwon, domin ya lalata ragowar ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani. Lafiyayyun ƙwayoyin jiki suna iya gyara kansu tsakanin yau da gobe fiye da na sankara, shi ya sa ake raba gashin kaɗan-kaɗan a kan kwanaki.

Kafin a fara, ana ɗaukar hoton ƙirji na musamman don a tsara inda hasken zai bi, a kauce wa zuciya da huhu gwargwadon iko, sannan a yi 'yan alamomi a fata. Daga nan mace za ta riƙa zuwa daga Litinin zuwa Juma'a. Tsohon tsari shi ne zama 25 a mako biyar. Binciken da aka yi a Ingila da Kanada ya tabbatar da cewa zama 15 ko 16 a mako uku yana yin aiki iri ɗaya ga mata da yawa, kuma wani bincike na Ingila da aka wallafa a 2020 ya nuna wasu zama biyar a mako guda ya ishe su. Likita ne ke zaɓar wanda ya dace da kowace. Kowane zama bai cika wuce minti 15 zuwa 20 ba, mafi yawansa ma gyara kwanciya ne, hannu a ɗage sama da kai. Ba ta jin zafi, ba ta jin tsini, sai ƙarar injin kawai.

Amfaninsa kuwa ba ƙarami ba ne. Wani babban nazari da ya tattara bayanan mata sama da 10,000, wanda aka wallafa a 2011, ya gano cewa ga matan da aka cire musu ƙullutu aka bar maman, gashi yana rage yiwuwar dawowar cutar da kusan rabi. Ga wadda ciwonta ya yi nisa ma, gashi kan rage zugin ƙashi da zubar jinin gyambo.

Akwai kuma wani kuskure da ya kamata a kawar tun daga tushe, musamman a yankin da ya taɓa ganin gubar da ido ba ya gani ta shiga gidaje ta kan tufafi da ƙura. Gashin da ake yi da inji daga waje ba ya zama a jikin mace. Da an kashe injin, shi ke nan. Za ta iya goya jikanta, ta ci abinci kwano ɗaya da 'yan'uwanta, ta kwana ɗaki ɗaya da mijinta. Ware mata kofi ko tabarma zalunci ne da jahilci ya haifa. Abin da ake gudu shi ne juna biyu: wajibi ne ta gaya wa likita in tana zaton tana da ciki, kuma a kauce wa ɗaukarsa a lokacin gashin.

Abin da jiki zai gani

Duk da haka, yaudara ce a ce gashi ba ya da wahala. Wahalar farko a fata take, kuma takan fara bayyana a mako na biyu ko na uku. Littattafan Turawa sukan ce fata za ta yi ja. A fatarmu abin da ake gani shi ne wurin ya yi duhu, ya bushe, ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci ya yi saɓa. A lungunan da fata ke gogar fata, wato ƙarƙashin mama da hammata, takan iya salewa ta riƙa tsattsafo da ruwa. Abin da ya fi rikita mutane shi ne, wannan yakan fi tsananta ne mako ɗaya zuwa biyu bayan an gama, lokacin da mace ta riga ta koma gida, nesa da waɗanda za su kwantar mata da hankali. A nan ne masu cewa "ai mun faɗa" suke samun baki. Gaskiyar magana, yawanci fatar tana warkewa cikin 'yan makonni, ko da duhun zai ɗan jima.

Kula da ita ba ya bukatar dukiya. A wanke wurin a hankali da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, ba soso, ba dirza, kuma a bar alamomin da aka yi. A tsane da tsumma mai laushi. A sa riga mai yalwa ta auduga, a ajiye matsattsiyar rigar mama. A nisanci man zafi, da gasawa da tsumman ruwan zafi, da turare, da reza a hammatar wannan gefe, da liƙa filasta, da duk wani garin magani da za a kwaɓa a shafa. A kare wurin daga rana. Man shafawa marar ƙamshi yana taimakawa, musamman da hunturu, amma ko man kaɗanya ne a fara nuna wa ma'aikatan jinya. Da bazara kuma, lokacin da zafin Sakkwato kan haura maki 40, gumi ne abokin gaba, sai a riƙa barin iska na shiga wurin. Wanka da alwala ba su hanu ba. In fata ta buɗe, malamai sun san sauƙin da shari'a ta yi wa mai rauni, kamar yadda ta yi wa marar lafiya a kan azumi.

Wahala ta biyu ita ce gajiya, irin wadda barci ba ya kawar da ita. Tana taruwa a hankali, kuma takan ɗauki makonni ko watanni kafin ta saki jiki. Ga matar ƙauye da daka da surfe da ɗebo ruwa ke jira, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ba ta da miki a fili da za ta nuna, sai a ɗauka lalaci ne. Tana bukatar a ɗauke mata aikin ƙarfi, ta samu wake da gyaɗa da ƙwai da nono da ganye, ta sha ruwa sosai. 'Yar tafiya a ƙasa kullum tana rage gajiyar fiye da kwanciya wuni guda.

Ta uku ita ce kafaɗa da hannu. Wadda aka cire mata kaluluwar hammata, aka kuma yi gashi a wurin, hannunta na iya kumbura, ko da bayan watanni ko shekaru. Motsa kafaɗa kullum yadda aka koya mata, kamar hawa bango da yatsu a hankali, yana hana ta sandarewa. Ta kiyaye wannan hannu daga yanka da ƙuna da ɗaukar nauyi farat ɗaya. Gashin kai ba ya zuba saboda gashin mama. Na hammata ne kawai. In kuwa aka ga zazzaɓi, ko ruwan miki mai wari, ko tari da haki, ko hannu ya kumbura ya yi zafi, wannan na komawa asibiti ne ba tare da jinkiri ba.

Tsakanin Bagega da injin

Duk waɗannan ana iya jure su. Abin da ya fi karya mata shi ne abin da ke wajen ɗakin gashin. Babu injin gashi a Anka, babu a Gummi, babu a Bukkuyum. Wadda aka rubuta wa gashi sai ta nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika ta Zariya, ko Asibitin Ƙasa a Abuja, ko sabuwar cibiyar da aka buɗe a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a watan Yulin 2025. Daga Bagega sai ta fara ratsa hanyar Anka, wadda kowa ya san halin da 'yan bindiga suka jefa ta, ta fita Mayanchi, sannan ta kama titin Sakkwato ta Talata Mafara. Wannan ba tafiyar da ake yi a dawo kullum ba ce. Dole ta tare a birni na tsawon makonni, ita da mai jinya, su ci, su sha, su biya wurin kwana da kuɗin mota, ban da kuɗin gashin kansa. Injinan ƙasar nan kaɗan ne, layi yana da tsawo, kuma lalacewarsu ba baƙon labari ba ne.

Nan ne haɗarin yake. Gashi lissafi ne: an ƙididdige adadin zama da tazarar kwanaki. Wadda ta yi zama takwas ta koma gida don kuɗi ya ƙare, ko don fata ta yi duhu an tsorata ta, ko don damina ta faɗi babu mai kula da yara, ta sha wahalar ba ta samu cikakken amfanin ba, domin a kwanakin da aka tsallake ragowar ƙwayoyin cutar suna sake hayayyafa. Daidai take da yaron da aka ba maganin dalma aka mayar da shi cikin ƙurar.

Saboda haka shirin gashi daga gida yake farawa. Tun kafin a tashi, miji da dangi su zauna su yi lissafin makonnin gaba ɗaya: wa zai bi ta, wa zai riƙe yara, a gidan wa za a sauka, me za a sayar in ta kama. A kira asibitin a tabbatar injin yana aiki. A tambayi likita ko gajeren tsarin nan ya dace da ita. A nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya a yi tambaya a kan asusun tallafa wa masu sankara da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021, wanda sankarar mama ke cikin cututtukan da ya ƙunsa. Miji kuma ya sani cewa buɗe ƙirji gaban ma'aikacin lafiya lalura ce, kuma tana da damar neman mace ta tsaya a kusa. Kalmarsa guda ta ƙarfafawa ta fi mata man shafawa. Shirunsa ko juya bayansa ya fi mata gashin ciwo.

Sauran nauyin na hukuma ne da masu hali. Gidan saukar marasa lafiya 'yan Zamfara kusa da asibitin Sakkwato bai fi ƙarfin gwamnatin jiha ba, bai ma fi ƙarfin Hukumar Zakka da Waƙafi ko attajiran da zinariyar yankin ta azurta ba. Ma'aikatan jinya na asibitocin Anka da Gummi da Bukkuyum suna bukatar horo a kan duba mama da kula da fatar wadda ta dawo daga gashi, don kada saɓar fata ta tilasta mata komawa birni ko hannun mai sassaƙe. Masarautu da limamai, waɗanda da bakinsu aka shawo kan mutane suka fitar da niƙan duwatsu daga cikin gidaje, su ne za su iya karya maganar cewa daji ba ya son ƙarfe.

Yaran Bagega sun jira kusan shekara uku kafin a share musu gari, kuma wasu ba su kai ga ganin ranar ba. Bai kamata iyayensu mata su sake irin wannan jira ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri.