Awo Da Takardar Bashi: Sikila Da Uwaye Baƙi A Ingila

A Najeriya ba wanda zai kira sikila baƙuwar cuta. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da ƙwayar gadonta, kuma ana ƙiyasta cewa jarirai dubu 150 ake haifa da ita duk shekara. A Birtaniya kuwa tana cikin cututtukan da ba kasafai ake gani ba, wato masu kama ƙasa da mutum ɗaya cikin 2,000. Sai dai adadin kullum hawa yake, domin yawancin masu ita 'ya'yan mutanen Afirka ne da Karebiyan, ga kuma 'yan Najeriya da suka yi ta kwarara a shekarun nan da bizar karatu da ta aikin jinya.

Hukumar lafiya ta NHS ta yi tanadin da ya cancanci yabo. Ana son a gwada jinin mai juna biyu kafin ciki ya kai mako 10. In tana da ƙwayar, sai a kira mijin shi ma a gwada. Jariri kuma ranar da ya kwana biyar, ungozoma za ta soki diddigensa ta ɗiga jini a kan kati. In an ga sikila, ana fara ba shi penisilin kafin ya wuce wata uku, don tare cututtukan da ke ɗauke irin waɗannan yara tun suna goye.

Duk wannan tanadi ya rataya ne a kan abu guda: uwa ta zo awo da wuri. A nan ne wata doka ke rushe abin da aka gina. Tun 2015, baƙon da ba shi da cikakken izinin zama a Ingila ana cajinsa kashi 150 cikin ɗari na kuɗin aikin asibiti. Ba a korar mai ciki, gaskiya ne, amma takardar bashi tana bin ta har gida, kuma haihuwa ɗaya kan ci dubban fam. Bashin da ya kai fam 500 aka yi wata biyu ba a biya ba, ana kai sunan mai shi ma'aikatar cikin gida, inda zai iya zama dalilin hana ta takardar zama. 'Yan gudun hijira da waɗanda suka biya kuɗin lafiya tare da biza, fam 1,035 a shekara tun 2024, ba ruwansu da wannan. Wadda bizarta ta ƙare, ko aka ƙi ba ta mafaka, ita ce ke shan wuya.

To me za ta yi? Ta ɓoye cikin, ta tsallake ranar awo, ta bayyana sai naƙuda ta kama. Kafin nan lokacin gwaji ya wuce, hawan jini ko ciwon suga ya yi ɓarnarsa ba wanda ya gani. Ƙungiyar Maternity Action ta daɗe tana tattara irin waɗannan labarai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, matan da dokar ke tsoratarwa su ne waɗanda aka kafa gwajin dominsu.

Ba zan ɗora wa caji laifin komai ba. Rahoton MBRRACE na 2018, mai bin diddigin mutuwar mata masu ciki da masu haihuwa a Birtaniya, ya nuna baƙar fata ta ninka farar fata sau biyar wajen haɗarin mutuwa a ciki ko haihuwa, daga baya tazarar ta ragu zuwa kusan sau uku, kuma da yawa daga cikin matan nan takardunsu cikakku ne. Akwai wata cutar daban, ta ƙin sauraro. A 2019, wani saurayi mai sikila ɗan shekara 21 ya kira lambar agaji ta 999 daga kan gadon asibiti a arewacin Landan, saboda an hana shi iskar numfashi. Bai tashi ba. Binciken 'yan majalisa na Nuwamba 2021 ya gano ma'aikatan asibiti da yawa ba su san cutar ba, kuma in ciwon ya motsa mutum ya nemi magani mai ƙarfi, sai a yi masa kallon ɗan ƙwaya, alhali ƙa'ida ta ce a ba shi cikin minti 30.

A Janairun 2025 an amince NHS ta fara ba masu sikila Casgevy, maganin gyaran ƙwayar halitta da farashinsa ya kai fam miliyan 1.65 kowane mutum, ga kimanin mutum 50 a shekara. Na yi murna da shi ƙwarai. Amma ƙasar da ta iya wannan ba ta rasa kuɗin awo ba. Sikotilan da Wales ba sa cajin wadda aka ƙi ba mafaka, kuma ƙungiyoyin ungozomomi da likitocin mata na Birtaniya sun nemi a cire masu ciki daga wannan caji baki ɗaya.