Zanen Ɗige-ɗige Mai Launi Wajen Nazarin Wasulan Hausa

1.0 Gabatarwa

Daidaitacciyar Hausa ba ta nuna tsawon wasali a rubutu. Don haka "gari" na mazauni da "gari" na tuwo duk rubutunsu ɗaya. Haka ma "fito" da ake yi da kwalekwale a kogin Haɗejiya da "fito" da yaro yake yi da baki. Malamin da zai koyar da wannan bambanci yana buƙatar hujja wadda ɗalibi zai gani da idonsa. Zanen ɗige-ɗige mai launi yana daga cikin hanyoyin samar da ita.

2.0 Ma'anarsa

Zanen ɗige-ɗige zane ne mai layi biyu, ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye, kowanne yana wakiltar wani ma'auni. Kowane ɗigo kuwa yana tsaye ne a madadin abu guda da aka auna. Idan aka ba ɗigogin launi, an ƙara bayani na uku ke nan, wato rukunin da ɗigon ya fito. A shekarar 1952 Peterson da Barney suka yi amfani da irin wannan zane wajen nuna wasula 10 na Ingilishin Amurka daga bakin mutum 76.

3.0 Matakan Aiki

Mu ɗauka ɗalibi yana sanin makamar aiki a Jahun, ya kuma so ya gwada furucin mutanen Jahun da na Haɗejiya.

Da farko, zai zaɓi kalmomi bibbiyu masu bambancin tsawon wasali, kamar misalan da aka kawo a sama, ya naɗi muryar masu magana bayan ya nemi izininsu.

Na biyu, zai auna wasalin gaɓar farko da manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka ƙirƙira. Ma'auni biyu zai ɗauka: tsawon lokacin furuci, da amo na farko, wanda ake yi wa alama da F1. Adadin F1 yakan ƙaru gwargwadon yadda harshe ya sauka ƙasa a baki.

Na uku, zai shigar da alƙaluman cikin MATLAB, manhajar lissafi ta kamfanin MathWorks da aka kafa a 1984, ko kuma GNU Octave, wadda kyauta ce, kuma kusan umarninsu ɗaya. Tsawon lokaci shi ne x, F1 kuma y. Ga gajerun wasula zai rubuta:

scatter(x1, y1, 40, 'b', 'filled')

Lamba 40 girman ɗigo ce, 'b' na nufin shuɗi, 'filled' kuma a cike ɗigon da launi. Sai ya rubuta hold on domin kada zane na biyu ya shafe na farko. Daga nan ya maimaita umarnin ga dogayen wasula, ya sa 'r' domin ja. A ƙarshe xlabel da ylabel za su sa wa layukan suna, legend kuma ya fayyace ma'anar kowane launi.

4.0 Karanta Zanen

Idan shuɗi ya taru a hagu, ja a dama, to tsawon lokaci ya raba rukunonin biyu. Idan kuma launukan sun rabu ta sama da ƙasa, hakan na nuna ingancin wasalin ma ya sauya, kamar yadda gajeren /a/ na tsakiyar kalma yakan ɗaga zuwa tsakiyar baki. Domin kwatanta garuruwan biyu, a ba Jahun da'ira, Haɗejiya murabba'i, a bar launi ga tsawon wasali.

5.0 Abin Lura

Kada a haɗa ja da kore, domin akwai masu larurar ido da ba sa bambance su. Launi kuma yakan ɓace a fotokwafi, saboda haka siffar ɗigo tana da amfani. Sannan muryar mutum biyu ko uku ba ta isa a yanke hukunci kan karin harshen gari guda ba. A kuma ware maza da mata da yara, domin amon muryarsu ya bambanta tun asali.

6.0 Aikin Gida

Kawo kalmomi bibbiyu har kashi biyar masu bambancin tsawon wasali kaɗai, sannan ka bayyana abin da za ka ɗora a kan kowane layi na zanenka.