Shin dokar tsarkakewar mai jego tana kan Kiristocin yau?

Littafin Firistoci, sura ta 12, ya hana mai jego shiga Wuri Mai Tsarki har kwana 40 idan ta haifi namiji, kwana 80 idan mace ce, sannan ta miƙa hadaya. Maryamu ma ta cika wannan doka, kamar yadda Luka ya ruwaito.

A yau kan ikilisiyoyi ya rabu. Cocin Orthodox na Habasha yana yi wa namiji baftisma a kwana na 40, mace kuma a na 80. Yawancin Furotesta kuwa suna ganin hadayar Almasihu ta ɗauke wannan farilla. Masu sukar al'adar na tambayar dalilin da zai sa haihuwar 'ya mace ta ninka wa uwa kwanakin jira.