Abin Kallo A Lisbon Ta Ƙasar Fotugal

Jama'a, duk wanda ya ga tsohon ginin nan na Elmina ya ga aikin mutanen Fotugal, su suka gina shi a 1482. Babban birninsu Lisbon yana bakin teku. Musulmi sun riƙe shi fiye da shekara 400, sai a 1147 ya fita hannunsu. Har yau akwai unguwa wai ita Alfama, sunan Larabci ne. Attajiran Turawa suna sauka Estoril, su yini suna buga golf da sanda. Amma kai ɗan'uwa, in Allah ya kai ka, hau dutsen Sintra ka dubi ganuwar da Musulmi suka bari, ka ga yadda mulki ke ƙarewa. Masallacin Juma'a kuwa akwai, tun 1985.