Me ya sa taron intanet ke sarƙewa idan aka yi cincirindo?

A kara na tashi, ina bin Baba. Duk wanda ya san kara ya san mutane ba sa bazuwa daidai. Fili ga shi nan da faɗi, amma inda tirela ta sauke shanu nan kowa zai rufu, sauran wurin kuwa wayam.

Kwanaki na shiga wani taro a irin dandalin nan da ake ba ka ɗan mutum-mutumi kana yawo da shi a waya. In ka matsa kusa da mutum ka ji muryarsa, in ka yi nisa ta ɓace. Muna warwatse komai lafiya lau. Da muka taru wuri guda sai murya ta fara yankewa, data kuma tana ta zurarewa.

Ga dalili. Duk taku ɗaya da ka yi, sai babbar kwamfutar dandalin ta sanar da waɗanda ke ganin ka. In ku 10 ne, kowa ya motsa sau ɗaya, saƙo 90 ke nan. In kun kai 100 fa? Saƙo 9,900.

Shi ya sa masu ginawa suke yi wa kowa da'ira: labarin na kusa da kai kaɗai za a turo maka. Wata dabarar ita ce yanka fili. Second Life, da aka buɗe a 2003, ya raba duniyarsa yanki-yanki, kowanne mita 256 tsawo da faɗi, ana tafiyar da shi daban. Amma in jama'a suka taru a yanki ɗaya, shi kaɗai zai ɗauki nauyin, sauran suna zaune. Dole aka ƙayyade yawan masu shiga.

Motsi ya shafi mutunci ma. A 2022 kamfanin Meta ya sa tazarar kusan ƙafa 4 tsakanin mutane a Horizon Worlds, bayan koke-koken cin zarafi.

To, 'yan uwa, in ƙungiyarku za ta yi taro da mutanen gida a irin wannan dandali, kar ku tambayi mutum nawa yake ɗauka kawai. Ku tambayi nawa yake ɗauka a kusurwa ɗaya, don can za mu taru.