Ƙaramar Mitar da ke Faɗin Nauyin da Janareta ke Ɗauke da Shi

A watan Oktoban 2024, jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta yankin, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna. Janaretocin da aka saba kunnawa awa biyu da dare sai suka koma aikin yini. A irin wannan yanayi ne injin da ake zaton lafiyarsa ƙalau ke fara warin ƙonewa, a kai shi wajen bakanike, ya duba ya ce koyil ya tafi.

Sau da yawa lodi ne ke jawo haka. Yawancin masu gida da kunne suke auna shi: inji ya canza murya, ƙwai ya dushe, sai a ƙwala wa yara kira su cire dutsen guga. Amma kafin kunne ya ji, wayoyin cikin koyil sun riga sun sha zafi. Ƙananan janareta da yawa kuwa agogon bolt kawai gare su, wanda ke nuna ƙarfin wutar amma ba ya nuna yawan wadda gida ke zuƙa. Wannan yawan da amfiya ake auna shi.

Lissafin ba shi da wuya. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Janareta mai wat 2,500 zai iya bayar da kusan amfiya 11, masu sana'ar kuma suna ba da shawarar kada a wuce kashi 80 cikin ɗari in za a daɗe ana aiki, wato ƙasa da amfiya 9 kaɗan. A ɗauki gida mai fanka huɗu, firji ɗaya, talabijin da ƙwayayen wuta: duka ba su wuce amfiya uku da rabi ba. Dutsen guga mai wat 1,200 zai ƙara biyar, an kai bakin iyaka ke nan. In uwargida ta jona butar dafa ruwa mai wat 2,000, an haura amfiya 17. Ga kuma firji da injin tura ruwa, waɗanda a daidai lokacin tashi suke fizgar ninkin abin da suka saba ci sau uku ko fiye.

Na'urar da ke bayyana duk wannan ba ta kai tafin hannu ba. Sirrinta wani zobe ne mai buɗewa da rufewa, wanda masu wayarin ke kira CT. Ana maƙala shi a jikin waya ba tare da an yanke ta ko an feɗe ta ba. Duk wayar da wuta ke gudana cikinta tana haifar da maganaɗisu a kewayenta, zoben ya tsinci wannan maganaɗisun ya mayar da shi 'yar ƙaramar wuta, mita kuma ta karanta ta fito da lamba. Akwai irinta ta hannu mai baki kamar filaya, wadda masu gyaran wuta ke yawo da ita, akwai kuma ta girkawa a bango mai ɗan gilashi. PZEM-004T na kamfanin Peacefair, alal misali, yana auna har amfiya 100, ya haɗa da bolt da wat da yunit, sai dai shi sai an jona masa ƙaramar kwamfuta kafin a ga lambobin. Shelly EM kuwa ta intanet yake tura bayanin zuwa wayar salula.

Wurin da ya fi dacewa a sa zoben shi ne kan wayar da ta taso daga janareta zuwa makunnin da ke sauya gida tsakanin NEPA da inji. Waya ɗaya tak ake zurawa, mai ɗauke da wuta. In aka haɗa ta da abokiyar tafiyarta cikin zobe ɗaya, maganaɗisun wannan zai soke na waccan, mita ta nuna sifili alhali gida na cin wuta. Akwai kuma haɗari: wasu zobban, in aka cire wayoyinsu daga jikin mita alhali wuta na gudana, suna tara bolt mai yawan da zai iya jikkata mutum. Shi ya sa aikin na ƙwararren mai wayarin ne, inji a kashe, layin NEPA a katse.

Mitar da ke nuna saurin juyin wuta tana da ƙarin amfani. Ƙa'ida ita ce juyin wuta 50 a daƙiƙa, wanda a ƙananan janareta yake daidai da juyi 3,000 a minti. In lambar ta riƙa sauka zuwa 46 ko 47 da lodi kaɗan, injin ne ya gaza, ko kafireto na son wanki.

Sai batun aljihu. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kowace lita abar lissafi ce. A ce gida ya ƙona lita huɗu a kan naira 900 kowace, mita ta nuna yunit biyar: kowane yunit ya tashi naira 720, fiye da ninki uku na naira 225 da aka yanka wa masu wutar NEPA 'yan rukunin Band A a Afrilun 2024. Mai gidan da ya ga wannan lamba zai iya tsara aiki: guga da tura ruwa su jira wutar NEPA, janareta ya ji da fanka da firji da haske. In kuma ya lura babban injinsa amfiya biyu kawai yake bayarwa dare bayan dare, to yana zuba mai ne don juya ƙarfen da ya fi ƙarfin bukatarsa, ƙaramin inji ko batir da sola za su iya riƙe wannan lodin.