Amana da Doka a Aikin Jinya: Waiwaye a Masarautar Daura

Aikin jinya a Nijeriya yana ƙarƙashin kulawar Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma, wadda doka mai lamba 89 ta shekarar 1979 ta kafa. Ita ke yi wa ma'aikaci rajista, ita ce kuma ke hukunta shi idan ya ci amanar aiki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙara fayyace wannan nauyi: sashe na 20 ya haramta ƙin kula da majinyacin gaggawa bisa kowane dalili, sashe na 26 kuwa ya wajabta riƙe sirrinsa.

A masarautar Daura, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Daura da Baure da Mai'adua da Sandamu da Zango, waɗannan tanade-tanade kan yi karo da al'ada ta fuska biyu. Ta farko ita ce izini. Akan kawo mace mai naƙuda tana zubar da jini, dangi su ce sai maigida ya zo, alhali a wajen doka yardar baliga mai hankali ta wadatar, jinkiri kuma na iya cin rai biyu. Ta biyu ita ce dubiya. Zumunci kan sa 'yan'uwa su nemi sanin cutar, amma bayyana ta ba da yardar mai ita ba laifi ne, sai da umarnin kotu ko barazana ga lafiyar jama'a.

Sai dai al'adar ba ta rasa mafita ba. Bahaushe ya san amana da rufin asiri tun kafin zuwan asibiti. Ma'aikaciyar da ta fassara doka da waɗannan kalmomi ta fi samun kunnen dangi.